Gilashin PlayStation a Kan Kwamfuta: Buɗe Ƙofa Ne ko Ɗage Labule Kawai?

A ranar 7 ga Agusta, 2024, kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara sayar da wani ɗan akwati baƙi, wanda bai wuce tafin hannu ba, a kan dala 59.99. Aikinsa guda ɗaya ne tak: ya bai wa mai gilashin PlayStation VR2 damar zare igiyar gilashin daga jikin PlayStation 5 ya jona ta da kwamfuta. Tun daga ranar masu buga gem suka rabu gida biyu. Wasu na cewa wannan 'yar adafta ta ceto na'urar da ta kusa zama kayan ajiya a saman kwaba. Wasu kuma na cewa Sony ya sake karɓar kuɗin mutane ne ya miƙa musu gurguwar na'ura, bayan ya kashe mata duk abin da ya sa ta yi tsada. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da fatar baki, don haka maganar ta cancanci a zauna a auna ta.

Ga wanda bai taɓa gwadawa ba, gilashin VR na'ura ce da ake ɗaurawa a kai ta rufe idanu ruf. A cikinta kowane ido yana da nasa hoton, an ɗan bambanta na dama da na hagu yadda ƙwaƙwalwa za ta ga zurfi da nisa. In ka waiwaya, duniyar da ke ciki ta waiwaya da kai. In ka sunkuya, ka leƙa ƙarƙashin teburin da ke cikin wasan. Sai dai gilashin na Sony ba ya zana komai da kansa. Allo ne da kyamarori da ma'aunan motsi, wata na'ura daban ce ke zana hoton ta turo masa ta igiya. Gardamar duka a nan ta tsaya: wace na'ura aka yarda ta turo hoton, kuma wa ke da ta cewa, kamfanin da ya ƙera ko mutumin da ya biya?

Maganar ta girmi adaftar. Gilashin farko, PlayStation VR, ya fito a watan Oktoba na 2016 a kan dala 399, ya kuma yi kasuwa, domin zuwa ƙarshen 2019 an sayar da fiye da miliyan 5. Sony bai taɓa buɗe masa hanyar kwamfuta ba, amma masu fasaha ba su jira izini ba. Manhajoji irin su Trinus da iVRy sun sa Windows ta gane shi. Aikin dai na lallaɓawa ne, saboda gilashin ya dogara da kyamarar PlayStation mai kallon shuɗɗan fitilun jikinsa kafin a san inda kan mutum yake. A kwamfuta sai ka iske yana bin juyawar kai amma yana tuntuɓe wajen bin matsawar jiki. Ya wadatar wajen kallon fim ko tuƙin mota a zaune, bai kai ga wasan da za ka miƙe ka kai hannu ka ɗauki abu ba.

Na biyun ya zo a ranar 22 ga Fabrairu, 2023, a kan dala 549.99, wato ya fi ita kanta PlayStation 5 tsada a lokacin. Kayan cikinsa kuwa na ƙwarai ne: allon OLED mai ɗigo 2000 sau 2040 ga kowane ido, faɗin gani na kusan digiri 110, kyamarori huɗu a waje masu lura da ɗaki, wasu a ciki masu bibiyar ƙwayar ido, ɗan inji mai girgiza kai idan wani abu ya fashe kusa da kai, da kwantirola biyu waɗanda maɓallan harbinsu ke yin tauri ko laushi gwargwadon abin da ka riƙe a wasa. Wasanni ne suka yi ƙaranci. Horizon Call of the Mountain da Gran Turismo 7 da Resident Evil Village sun burge kowa, amma bayansu manyan wasanni daga Sony kansa suka yi wuyar gani. Wasannin tsohon gilashi ba sa tafiya a sabon, sai wanda masu shi suka sake gyarawa. A Fabrairun 2024 Sony ya sanar da rufe London Studio, sashen da ya yi Blood & Truth na tsohon gilashin, a watan Maris kuma kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito cewa an dakatar da ƙera sabon har sai an rage waɗanda ke jibge a rumbu. Cikin wannan fari adaftar ta sauka.

Hujjar masu goyon baya ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce yawan abin bugawa. Steam, kasuwar wasanni ta kamfanin Valve, tana ɗauke da dubban wasannin VR da aka yi ta tarawa tun 2016. A can Half-Life: Alyx yake, wasan da Valve ya fitar a watan Maris na 2020, wanda masu sharhi da yawa har yau suke auna sauran wasannin VR da shi, kuma bai taɓa zuwa PlayStation ba. Labarin Skyrim VR ya ma fi nuna inda gizo ke saƙa. Wasan ya fara fitowa ne a tsohon gilashin PlayStation a 2017. Wanda ya saya a lokacin, ya zo ya sayi sabon gilashi, ba shi da hanyar buga shi da sabon a kan PlayStation 5. Amma da ya jona gilashin nan dai da kwamfuta, ga Skyrim VR a Steam, tare da ɗimbin gyare-gyaren da masu sha'awa suka yi masa kyauta, waɗanda suka sabunta hotonsa da yadda ake riƙe takobi da baka. Masu son kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi suna da DCS World, masu tseren mota suna da Assetto Corsa da iRacing, masu shawagi tsakanin taurari suna da Elite Dangerous. A farkon 2024 ma wata manhaja kyauta mai suna UEVR ta bayyana, wadda ke shigar da mutum cikin wasanni masu yawa da aka gina da injin Unreal, ko da asalinsu na allon tebur ne.

Akwai wani abu da ni nake ganin an fi rage masa daraja a wannan muhawara: kwamfuta ba ta wasa ba ce kaɗai. Google Earth VR kyauta ne a Steam, kuma ɗalibin da ya tsaya a kan tsaunukan Himalaya ko ya bi kogin Nilu da ido daga sama ya koyi labarin ƙasa ta hanyar da taswirar bango ba ta bayarwa. Manhajar Blender, wadda ita ma kyauta ce, tana barin mai zanen gini ya shiga cikin ɗakin da ya zana ya duba tsayin rufi da faɗin ƙofa kafin a aza bulo ɗaya. Open Brush tana barin mai zane ya yi fenti a sarari, ya zagaya abin da ya zana. Duk wannan a rufe yake ga gilashin muddin yana ɗaure da PlayStation 5.

Hujja ta biyu ta shafi ingancin hoto. Gilashin da ya fi yaɗuwa a duniya, wato Quest na kamfanin Meta, idan aka haɗa shi da kwamfuta, ko ta Wi-Fi ko ta igiyar USB, sai an matse hoton kamar bidiyo an tura, shi kuma ya warware. Matsewar tana barin tabo a wurare masu duhu da hazo, tana kuma ƙara ɗan jinkiri. PlayStation VR2 yana karɓar hoton ne kai tsaye ta DisplayPort, kamar allon tebur, ba matsewa irin ta bidiyo. Ga shi allonsa OLED ne, wanda kowane ɗigo ke kashe haskensa da kansa, saboda haka duhu a cikinsa duhu ne na gaske, ba toka-tokar allon LCD ba. Mai shawagi a sararin samaniya ko mai wasan tsoro a cikin kogo ya san bambancin nan take. Idan aka zo kuɗi, Valve Index ya fito a 2019 a kan dala 999 cikakken saitinsa, sai an kafa masa na'urorin lura a kusurwoyin ɗaki. Gilashin Sony kuwa tun Maris na 2025 aka sauke shi zuwa dala 399.99, kyamarorinsa a jikinsa suke, don haka shi da adafta sun tashi kusan dala 460.

Masu suka ba su musanta ko ɗaya daga wannan ba. Tambayarsu ita ce: me ya rage na gilashin bayan an jona? Sony da bakinsa ya lissafa abubuwan da ba sa aiki a kwamfuta: hoton HDR mai tsananin haske da launi, girgizar kai, taurin maɓallan harbi, girgizar hannu mai laushi in ban da ta gama-gari, da bibiyar ido. Waɗannan su ne ainihin abin da aka tallata lokacin da ake neman dala 550 a hannun mutane.

Rashin bibiyar ido ya fi sauran ciwo, kuma yana da kyau a fahimci dalili. Idon ɗan Adam wuri ƙanƙane yake gani tar a lokaci guda, sauran gefe dishi-dishi ne. PlayStation 5 tana cin moriyar wannan: kyamarorin ciki suna gaya mata inda ƙwayar ido ta nufa, sai ta zana wurin da cikakken kyau ta rage wa gefe, mai wasa kuwa bai lura ba. Da wannan dabara na'urar da ta fito a kan dala 500 take ɗaukar nauyin Gran Turismo 7 a cikin gilashi. Allunan biyu sun haɗa ɗigo fiye da miliyan 8, kusan daidai da talabijin na 4K, kuma dole a sabunta su sau 90 ko 120 a kowace daƙiƙa, in ba haka ba hoto ya riƙa tsalle, jiri da tashin zuciya su biyo baya. Kwamfutar da aka hana sanin inda ido yake kallo dole ta ɗauki nauyin da ƙarfin tsiya. Sony ya rubuta cewa katin hoto na GTX 1650 shi ne mafi ƙanƙanta, ya ba da shawarar RTX 3060 ko RX 6600 XT zuwa sama, amma masu wasannin jirgi masu nauyi sun san cewa ko waɗannan sai an sassauta musu inganci. Ashe kuɗin adafta shi ne ƙaramin kuɗi a lissafin.

Sai wahalar haɗawa. Igiyar gilashin guda ɗaya ce, mai bakin USB-C, amma abu uku take ɗauka: hoto, bayanan motsi da wuta. Adaftar tana tattara ukun ne daga wurare uku, wato DisplayPort na katin hoto, ramin USB, da soket ɗin bango. Igiyar DisplayPort 1.4 ba ta cikin kwali, sai ka saya daban. HDMI ba ya yi. Su kuma kwantirola biyun, waɗanda ke kama PlayStation 5 ba gardama, a kwamfuta ta Bluetooth suke magana, kuma nan ne ƙorafi ya fi yawa: hannu ya daskare a iska, ko ya yi tsalle, saboda Wi-Fi ko ramukan USB 3 suna damun siginar. Sony ya wallafa sunayen 'yan ƙananan na'urorin Bluetooth da ya gwada, irin su TP-Link UB500 da ASUS USB-BT500, mutane kuma suka koyi jan su da doguwar igiya nesa da bayan kwamfuta. (Wasu katunan hoto na jerin RTX 20 suna da ramin USB-C na musamman da ake kira VirtualLink, wanda ke ɗaukar ukun gaba ɗaya, masu irinsu ba sa ma buƙatar adafta. An yi watsi da wannan tsari tun wajajen 2020.)

Batun DisplayPort shi ya fi shafar mai karatu a ƙasashenmu. Akasarin masu kwamfuta a nan laftof gare su, da yawa kuma na hannu ne daga kasuwannin Legas da Kano. Laftof da dama, har da waɗanda aka yi don gem, HDMI kawai suke da shi, ko kuma ramin USB-C nasu bai haɗu kai tsaye da babban katin hoto ba, sai gilashin ya ƙi tashi. Ga kuma wuta: kwamfutar tebur tana son soket, adafta tana son nata, katin RTX 3060 shi kaɗai yana iya jan wat 170. Da an ɗauke wuta wasa ya yanke. Quest 3, wanda ya fito a Oktoba na 2023 a kan dala 499, da ƙaninsa Quest 3S da ya fito a 2024 a kan dala 299, suna da batir da ƙwaƙwalwarsu, suna wasa su kaɗai ba kwamfuta, in ana so kuma a haɗa su da ita ba igiya. Madubin Quest 3 siriri ne mai fitar da hoto tar har gefe, na Sony kuwa irin na Fresnel ne, wanda sai ka daidaita shi daidai tsakiyar ido kafin rubutu ya fito sosai. Mai suka zai ce: da me gilashin mai igiyar mita huɗu da rabi ya fi wannan, bayan an kashe masa abubuwan da yake taƙama da su? Ga ƙari, wasan da ka saya a shagon PlayStation ba ya bin ka zuwa Steam, sai ka sake biya, Gran Turismo 7 da Horizon Call of the Mountain kuma suna nan inda suke.

Shin rowa ce ta sa Sony ya rufe waɗannan abubuwa, ko fasaha ce ta hana? A ganina amsar ta rabu. Girgizar kai da HDR suna buƙatar wasan kansa ya san da su, wasannin Steam kuma an rubuta su ne don gilasai iri-iri da ba su da waɗannan, saboda haka ko an buɗe, kaɗan ne za su amfana nan take. Wannan uzuri karɓaɓɓe ne. Bibiyar ido kuwa daban take. Akwai gilasan kwamfuta masu ita, irin su Varjo Aero da Pimax Crystal, kuma masu DCS World sun daɗe suna amfani da ita wajen rage wa katin hoto nauyi. Wasu na danganta rufewar da lasisi, tunda fasahar ta kamfanin Tobii ce na ƙasar Sweden. Ko ma mene ne dalili, a 2025 wasu masu sa-kai sun fito da manhajar da ta farkar da bibiyar idon a kwamfuta ba tare da hannun Sony ba. Kyamarorin suna ciki, suna aiki, mai gilashin ya riga ya biya kuɗinsu. A nan masu suka suna da gaskiya, kuma ba na ganin wata hujja da za ta wanke kamfanin.

Akwai kuma masu PlayStation zalla, waɗanda ba ruwansu da kwamfuta, da suka karanta fitowar adaftar a matsayin sallama: kamfani ya gaji da yi musu wasanni, ya nuna musu gidan maƙwabci. Tsoronsu yana da tushe, amma tsarin lokaci bai goyi bayan ɗora wa adaftar laifi ba. Ƙarancin wasanni ya riga ta zuwa, rufe ta kuma da ba zai haifi wasa ko ɗaya ba.

Abin da ya karkatar da ni zuwa ɓangaren masu goyon baya shi ne abin da ya sami gilasan Windows Mixed Reality. A watan Disamba na 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da cewa zai janye tsarin, sabuntawar Windows 11 ta 24H2 kuma ta cire shi. Mutanen da suka sayi HP Reverb G2 a kan kusan dala 600 suka wayi gari da gilashi lafiyayye, allonsa ba tsaga, igiyarsa ba yanka, amma ba ya aiki. Na'urar da ba ta da ƙwaƙwalwar kanta tana rayuwa ne muddin akwai manhajar da ke magana da ita. Wani zai ce ai gilashin Sony a kwamfuta ma da manhajar Sony ya dogara, wadda ake saukewa daga Steam, ran da kamfanin ya daina kula da ita an koma gidan jiya. Haka ne. Amma ci gaban labarin na Microsoft ya ba da amsa: a 2025 wani mai rubuta manhaja ya fitar da Oasis, kyauta, ta dawo da waɗancan gilasai aiki ta SteamVR, manhajar VR ta Steam. A kwamfuta idan kamfani ya tafi, wani na iya ɗaukar aikin. A cikin PlayStation 5 ba mai iya taɓa komai sai Sony. Duk ranar da wata sabuwar PlayStation ta zo ta ƙi karɓar wannan gilashi, yadda sabon gilashin ya ƙi wasannin tsohon, wanda ke da adafta yana da inda zai nufa.

Don haka hukuncina bai zama ɗaya ga kowa ba. Wanda ya riga ya mallaki PlayStation VR2, yana kuma da kwamfutar tebur mai katin hoto na kirki, ya sayi adaftar ba tare da dogon tunani ba. Dala 60 ba ta taɓa buɗe masa wasanni da kayan aiki masu yawa haka ba, kuma da babu gara ba daɗi. Mai son tuƙin mota ko jirgi a zaune, wanda igiya ba ta dame shi ba, duhun OLED da hoto marar matsewa kuma suka fi masa komai, shi ma gilashin zaɓi ne mai kyau ko da ba shi da PlayStation 5. Amma wanda zai fara shiga VR yau da laftof ɗaya da wutar da ba ta tsayawa, Quest ya fi dacewa da shi nesa ba kusa ba, kuma duk mai sayarwar da ya ce masa ba bambanci bai yi masa adalci ba. Sony kuwa bashi na kansa: ya buɗe bibiyar ido a manhajarsa ta hukuma, tunda an riga an nuna cewa tana yiwuwa.

Kai kuma mai karatu, kafin ka tura kuɗi, juya kwamfutarka ka duba bayanta. In babu ramin DisplayPort 1.4 da ke fitowa daga katin hoton kansa, riƙe kuɗinka tukuna.